Rasuwar Amarya, Kwamfutar Mayo Kwalli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro mai cike da toka, ake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Mubi da kewaye, tun daga Digil har zuwa Gude, rasuwar kwamfutar makarantar sakandaren ƙauyen Mayo Kwalli, wadda manya da yara suka fi sani da Amarya. Ta rasu da hantsin wata Alhamis, a ɗakinta, a gaban 'yan ajin ƙarshe, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta kai tafasar ruwan shayi ba. Ana wannan sanarwa ne a madadin Malama Miriyamu, malamar darasin kwamfuta, wadda ta shekara shida tana ba yara labarin marigayiya ba tare da an taɓa damƙa mata mabuɗin ɗakinta ba.

Marigayiya ta iso Mayo Kwalli ne a farar mota, ta hanyar Vimtim, tare da wani Mista Derrick na wata ƙungiyar taimakon karkara daga Abuja. An yi kiɗa, mata sun rangaɗa guɗa, an kafa ƙyalle mai rubutu da hoton kwamfuta goma a jere. Ɗaya ce ta sauko daga mota. Sauran tara, in ji Mista Derrick, suna hanya, kuma muna kyautata zaton har yau suna kanta, Allah ya kawo su lafiya. Ya yi jawabi mai daɗi, ya ce daga ranar yaran Mayo Kwalli sun riƙe duniya a tafin hannunsu. Aka tafa. Babu wanda ya yi rashin kunyar nuna wa baƙo falwayar da ke tsaye a ƙofar makaranta tun zamanin wani zaɓe, ba waya a kanta sai gidan tsuntsu. Shi ma bai tambaya ba, don mutum ne mai kawaici.

A ranar ta sami sunanta. Matar Firinsifal Ishiyaku, shugaban makarantar, ta ɗinka mata lulluɓi na leshi mai ruwan hoda, aka shigar da ita ɗaki ɗaya tilo mai ƙofar ƙarfe da daɓen siminti, aka danna kwaɗo. Yara suka ce ai wannan amarya ce. Sai dai ita nata amarcin bai ƙare ba har ta koma.

Malama Miriyamu lissafi take koyarwa a da. Aka tura ta Yola horo na 'yan kwanaki, ta dawo da takardar shaida da jaka mai tambari da kuma wani irin zumuɗi da yanzu take jin kunyar tunawa. Ta ɗauka da gaske ake. Washegari ta je ofis neman mabuɗi, Firinsifal ya dube ta ta saman tabarau kamar ta nemi aron matarsa.

"Malama, in yara suka lalata ta, ranar da baƙi suka zo me za mu nuna musu?"

"Yallaɓai, ai don yaran aka kawo ta."

"Shi ya sa za mu adana musu ita," ya ce, ya mayar da mabuɗi aljihu.

Ta juya ta koma aji hannu wofi.

Game da halin marigayiya, kowa ya shaida. Mai haƙuri ce, ba ta taɓa kuka da zaman ɗaki ba. Ba ta da ci, don wutar da ta sha duk rayuwarta ba ta kai wadda mai cajin waya na bakin kasuwa ke ƙonawa kafin azahar ba. Ba ta taɓa ɓata tarbiyyar yaro ko ɗaya ba, kasancewar babu yaron da ya kusance ta. Ga ta kuma da kyan hoto, tubarkalla. Duk wanda ya zo duba makaranta, daga na ƙaramar hukuma har na ƙungiyoyi, sai an ɗauke shi da ita, hannu a kafaɗarta. An ce hotonta ya shiga rahotannin ƙungiyoyi dabam-dabam, kowace tana cewa ita ta kawo ta, marigayiya kuwa ba ta taɓa tona asirin kowa ba.

A irin waɗannan ranaku ne kawai ake jin muryarta. Sai a aro janareto daga coci, a yaye lulluɓi, Firinsifal da kansa ya danna da ɗan yatsa ɗaya yana bismillah. Sai ta ce "ɗiit." Daga nan fankar cikinta ta kama "fuuu," fuskarta ta yi shuɗi, a kawo yara biyu masu tsabtar riga su zauna, a ce su ɗaga yatsu a saman madannai kada su taɓa, su yi murmushi. Motar baƙi na juya baya, a kashe inji. Waɗanda suka san ta za su yi kewar wannan "ɗiit" ɗin, don shi ne kaɗai darasin da ta taɓa bayarwa.

Malama Miriyamu ba ta zauna ba. Kwalin da aka kawo marigayiya a ciki ta roƙa, shi kam aka ba ta. Ta yanka shi, ta zana madannai da biro, harafi-harafi, kowa a gidansa. Da ya ƙare ta bi shagunan Mubi tana karɓar kwalin taliya da na sabulu. Kowane yaro da nasa. A madadin maus, wato ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, kowa ya samo dutse mai santsi daga bakin mayo, wato rafin ƙauyen. Sai ta tsaya gaban allo ta ce a rubuta suna, aji ya ɗauki ƙarar yatsu a kan kwali kamar farkon yayyafi a rufin kwano. Ta ce a adana aiki, kowa ya danna. Ba a taɓa samun yaron da aikinsa ya ɓace ba, wannan kam a yaba wa kwali.

Cikin yaran akwai Juwairiya, 'yar Malam Bobboi mai noma da 'yan tumaki a bayan dutse. Yarinyar nan idonta a rufe take rubutu a kwali, yatsu goma, ba ta kuskure. Ta goge haruffan nata kwalin sau da dama saboda yawan dannawa, Malama tana sake zana mata. Kanta kuma yana ja, ita ce ta ɗaya tun ajin farko, burinta ta karanci aikin jinya. Da ta kai ajin ƙarshe, sai ga jarabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yi. Malama ta taka har bayan dutse ta sami mahaifin a gindin rumbu. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce zai sayar da rago a yi wa yarinya rajista, amma sau ɗaya. In ta ci, Allah ya sa albarka. In ba ta ci ba, uwarta ƙafa ta fara ciwo, akwai tiren gyaɗa a kasuwar Mubi yana jiran mai zama. Ba mugunta ya yi ba, rago ɗaya ne ya isa sayarwa. Malama ta ce ta yarda, ta kuma yi masa alkawarin cewa kafin ranar sai 'yarsa ta taɓa kwamfuta ta gaske.

To, yanzu ga yadda ciwon ajali ya faro, don masu tambaya su huta.

Bara gonar makaranta ta yi gyaɗa. Da aka yi roro, aka rasa inda za a ajiye, sai wani mai basira ya tuna akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe da daɓen siminti wanda ba a yin komai a cikinsa. Aka jibge buhuna kusa da marigayiya, ita kuwa ba ta ce uffan ba. Inda gyaɗa ta je ɓera na biye. Gab da hutun Kirsimeti Firinsifal ya buɗe ɗaki ya tarar an ci gefen lulluɓi, ga kashin ɓera a kan madannai. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don mutumin nan, a faɗi gaskiya, yana son marigayiya fiye da yadda yake son wasu 'ya'yansa. Ya kira taron iyayen yara na gaggawa. Malama Miriyamu ta riga ta tafi Michika wajen mahaifiyarta, kuma babu wanda ya ga dalilin ɗaga mata hankali a kan batun kwamfuta.

Fitar da gyaɗar bai zo a taron ba. Baba Zira ne, shugaban iyayen yara, dattijon da bai taɓa asarar ƙwayar iri ba tun yana saurayi, ya miƙe ya kawo shawara.

"Abu mai daraja ba a barin shi a fili," ya ce. "Irin wake yaya muke yi? Toka da barkono, a rufe baki. Ƙwaro ba ya shiga, ɓera ba ya zuwa. Kwamfuta ɗin nan shi ma iri ne, irin yaranmu na gobe."

Aka tafa masa, kuma maganar tasa ta fi ta Mista Derrick ma'ana, sai dai abin da ya biyo baya. Kada wani ya ce an yi sakaci. Mata sun tara tokar murhu gida-gida, suka tankaɗe ta da rariya har ta yi laushi kamar hodar jarirai. An daka barkono mai kyau, ba na banza ba. An wanke duro, an shanya. Aka shimfiɗa toka a ƙasa, aka sauke akwatin marigayiya a hankali da hannu huɗu, aka zuba toka ana girgiza duro don ta shiga ko'ina, kamar yadda ake yi wa wake, aka rufe aka liƙe baki da laka. Fuskarta da madannai ba su shiga ba, sai aka kai su ƙarƙashin gadon Firinsifal. Ɓera dai bai sake taɓa ta ba, wannan magani ya ci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Da Malama ta dawo hutu aka ba ta labari da fara'a, ana jiran godiya. Ta zauna a kan dakalin ofis. Baba Zira ya ce, "'Yata, kada ki damu, ko shekara uku ya yi a ciki haka za ki same shi." Ba ta iya yi wa dattijo tsawa ba, ba ta kuma iya dariya ba. Ta roƙi a tone ta nan take. Firinsifal ya ce sai an kwashe gyaɗa. Aka kwashe gyaɗa, ya ce sai an ji ranar zuwan baƙi. Haka ta yi ta sintiri ofis, yau da gobe, rajistar Juwairiya ta fito, ranar jarabawa tana matsowa. Daga ƙarshe ta shiga ba sallama ta ce masa in ba a buɗe duron nan ba, ranar da baƙi suka zo da kwalayen yara za ta tare su a bakin hanya, ta ce ga kwamfutocin Mayo Kwalli. Nan take mabuɗi ya fito.

Aka fasa laka ranar Laraba. Marigayiya ta fito fes a waje, ba tsatsa ba cizo, Baba Zira yana ta kallon mutane yana gyaɗa kai. Amma in an karkata ta, toka ce ke zubowa ta kowace ƙofa. Malama ta ce a kwance bayanta a hure cikin. Firinsifal ya nuna wata 'yar takarda da aka liƙa a kan murfin, ya ce Mista Derrick da bakinsa ya ce kada a kuskura a yage ta. Ta ce to a kai ta Mubi wajen mai gyara. Ya ce a kan babur, a wannan hanyar, so take a kashe ta? Sai Malama ta wuni tana jijjiga akwati tana fifita da murfin kwano, har ta yi furfurar da ba tata ba. Ta san ba ta fita duka ba. Ta kuma san saura 'yan kwanaki jarabawa, in ba yanzu ba, babu wani lokaci. Tsoro take ji sosai, amma ta sayo fetur da kuɗin cefanenta, ta aro janareton coci.

Hantsin Alhamis 'yan ajin ƙarshe suka cika ɗaki, wasu a taga. An zaunar da Juwairiya a kujera, ta goge tafin hannunta a siket, ta ɗaga yatsu goma a saman madannai yadda aka saba, tana jiran a ce ta sauke. Firinsifal ya danna. Marigayiya ta ce "ɗiit," da muryarta ta kullum, har Malama ta ji ƙwalla ta taho mata don murna. Fanka ta fara "fuuu," ta sarƙe, ta ce "gurr," sannan ta feso hayaƙin toka da barkono a fuskar duk wanda ya matso don son ilimi. Aji ya kaure da tari da atishawa, na taga suka dira, Firinsifal yana lalube yana neman ƙofa. Cikin wannan hali aka ji ta ce "ƙas," wani wari ya tashi, fuskar da ta fara shuɗi ta koma baƙa. Kalamanta na ƙarshe ke nan.

Juwairiya ba ta tashi ba. Hawayen barkono na zuba, yatsunta na nan a sama. Da ƙura ta lafa Firinsifal ya dawo yana share ido da hula, ya danna, ya sake dannawa, shiru. Sannan ya dubi yarinyar ya ce, cikin karamcin da ba za a manta ba, "To, ki taɓa mana." Ta sauke yatsu, ta rubuta sunanta cikakke a kan madannan gaske, babu abin da ya fito. Ta juyo ta ce, "Malama, ashe lotsawa suke yi."

Wannan magana ita ce ta hana Malama Miriyamu cin abinci ranar, don a shekara shida na darasi ba ta taɓa tunanin faɗa musu haka ba.

Ranar jarabawa Malama da kanta ta raka Juwairiya Mubi a kan babur, ta tsaya a inuwar katanga. Ba a daɗe da shiga ba sai ga Juwairiya ta fito ita kaɗai. Kwali sai an danna da ƙarfi an riƙe kafin mutum ya ji ya danna, hannunta kuwa da haka ya saba. Ta danna harafin wucewa gaba ta riƙe, tambayoyi suka yi ta gudu a gabanta kamar an kori awaki, ta kai hannu ga maus don ta tsayar da su, shi kuma ba dutse ba ne, abu ya yi ta yawo a fuskar kwamfuta. Ta ruɗe, ta danna nan ta danna can, na'ura ta tambaye ta wani abu, ta amsa, sai na'urar ta yi mata godiya ta rufe jarabawar. Ta ce tambayoyin da ta hango suna wucewa, ta san amsarsu. Malam Bobboi bai yi faɗa ba da aka gaya masa. Ya ce Allah bai nufa ba, ya yi wa Malama godiyar wahala, abin da ya fi zagi ciwo.

Marigayiya ta rasu ta bar fuska ɗaya da madannai, da maus da bai taɓa fita daga ledarsa ba sai ranar rasuwa. Ta bar lulluɓin leshi mai cin ɓera a gefe, da ƙyallen taro da yanzu ake shanya kuɓewa a kansa, da 'yan'uwa tara da ke hanya. Ta bar falwaya a ƙofar makaranta, wadda ta girme ta kuma da alama za ta binne mu duka. Ta bar Baba Zira, wanda har yanzu yake cewa da an bar ta a duro da tana nan da ranta, kuma babu mai iya ƙaryata shi. Ta bar ɗalibai masu yawa da suka ci darasin kwamfuta da maki mai kyau a takarda. An aika wa Mista Derrick saƙo, ya amsa da hoton hannu biyu a haɗe, ya kuma tambaya ko za a iya turo masa sabon hoton yara suna amfani da ita, don rahoton ƙarshen shekara.

Dangane da jana'iza, an tuntuɓi Fasto da Liman, kowa ya ce ba huruminsa ba ne. Kwamitin makaranta ya zauna ya yanke cewa ba za a binne ta ba, tunda an riga an yi sau ɗaya. An yi mata wanka da tsumma, an mayar da ita kan teburinta, an juya gefen lulluɓin da ɓera ya ci zuwa bango. Firinsifal ya lura, kuma gaskiyarsa, cewa a hoto ba a gane mai rai da matacciya, yanzu ma an huta da aron janareto. Za a ci gaba da ganin gawa duk ranar da baƙi suka zo, yara biyu masu tsabtar riga za su zauna a gabanta kamar kullum. Mabuɗi kuwa an ba Malama Miriyamu, a hukumance, gaban shaidu.

Ba a bukatar shinkafa ko sukari. Mai niyyar taimako ya kawo kwali mai kauri, na taliya ya fi ƙarko, don sababbin 'yan aji ɗaya sun shigo kuma Malama ta fara zane.

Za a karɓi gaisuwa a wuri biyu. Malama Miriyamu tana makaranta kullum in an tashi, a ɗakin marigayiya, ƙofa a buɗe. Wanda hanya ta yi masa nisa ya tsaya kasuwar Mubi, layin masu gyaɗa, ya nemi yarinya mai shuɗin hijabi da ke zaune a wurin uwarta. Ba sai an ce mata komai ba, a sayi gwangwani ɗaya ya isa. In an tarar ciniki ya yi sanyi, idonta na kan hanya, yatsunta goma suna tafiya a bakin tire, a ɗan dakata ta kai ƙarshen layin da take rubutawa. Yanzu a hankali take dannawa.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma kawo sauran taran lokacin da aka ƙare da toka.